Reshen da Riskuwa Bai Duba Ba

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga Yaya Fadimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki hana ta zuwa kasuwar Argungu a ƙasa, taki kaɗai take ji.

Kin tambaye ni aikin kammala karatu. Dokta Abdussamadu, malamin da ke duba mu, ya sa kowa ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi: zuba wannan, maimaita wancan, idan kaza ne yi kaza. Wahalar tana ga dokokin tantancewa. Kowane mazubi a cikin shiri yana da irin abin da yake ɗauka, ko lamba, ko rubutu, ko i da a'a, kamar yadda ba ki zuba kananzir a galan ɗin man gyaɗa. Aikin dokokin shi ne su kama kuskure tun ba a kunna shirin ba.

Dokta yana da wata muguwar al'ada. Yakan ɗauki dokokin wani ya miƙa wa wani ya ce ya fasa su, wato ya rubuto shirin da zai wuce tantancewa lafiya lau, amma ya mutu in an kunna. Wanda aka fasa nasa gaban masu jarrabawa sai ya maimaita shekara. To, ni dokokin Riskuwa aka ba ni, ɗan Gwaggo Sauda. Kin san shekarunsa na maimaici sun ƙare, in ya faɗi bana kora ce.

Kada ki fara jin tausayinsa tukuna. Ranar da Dokta ya yaba nawa aikin, wanga yaro ya buɗe baki gaban aji ya ce shi ya koya mini, wai matan gidanmu kwafa kaɗai suka iya. Ni da nake gyara masa aiki tun ajin farko. Aka kwashe da dariya, Dokta kuma ya ƙwace takarduna ya sa na sake rubuta dokokin a allo da ka. Na rubuta su tas. Wallahi har yau ban manta ba.

Ki gaishe da kowa.

Taki ƙanwa,
Mansura

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Yaya Fadimatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, zazzaɓin autarki kuma ya sauka.

Na samu inda zan fasa dokokin, kuma ban ko sha wahala ba. Umarnin "idan" yana da reshe biyu, na in sharaɗi ya cika da na in bai cika ba. Dokar Riskuwa reshen farko take bi, abin da ta gani can shi take ɗauka gaskiya, na biyun ko kallo bai ishe ta ba. Kin san dalili? Duk misalansa na injin ban ruwa ne na gonar babansa a Gulma, idan akwai ruwa a fadama yi kaza, kuma da alƙaluman damina ya gwada su. Kullum akwai ruwa. Reshen rani bai taɓa motsawa ba, shi kuma sakarai yana ta washe baki wai aikinsa ba ya faɗuwa.

Jiya ya zo mini da busasshen kifi da Gwaggo ta aiko, ya rage murya, yana kirana Anti, abin da bai taɓa yi ba. Ya roƙe ni don zumunci in faɗa masa abin da na gani ya gyara tun da wuri. Ko kalmar haƙuri bai furta ba kan abin da ya yi mini. Sai na nuna masa wani ɗan kuskure, inda dokarsa ta yarda a gwada lamba da rubutu, na ce shi ke nan abin da na samu. Ya gyara nan take, ya yi ta sa mini albarka har bakin Keke Napep. Kifin ya yi daɗi a miyar kuka.

Kada ki aiko mini da wa'azi, na san abin da za ki ce.

Taki,
Mansura

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Yaya Fadimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara, Allah ya ƙara lafiya.

An yi, an gama. Ranar jarrabawa Riskuwa ya zo da sabuwar shadda, ya yi bayaninsa yana ɗaga kafaɗa, har wani baƙon malami ya gyaɗa kai. Da aka kira ni, na buga ɗan gajeren shirina. Mazubin ruwa lamba ne a reshen farko, a na biyu na zuba masa rubutu, "fadama ta bushe", sannan na ce a raba shi biyu. Dokokinsa suka ce lafiya lau. Na kunna da alƙaluman rani, shirin ya mutu a babban allo kowa yana gani.

Ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, gumi dai ya jiƙe shaddar har baya. Dokta ya sa shi ya karanta saƙon kuskuren da ƙarfi, ya ce bai ji ba, ya sake. Ajin da ya yi mini dariya shi ya yi masa. Ni ban yi ba, amma na ji sanyi a raina, ba zan yi miki ƙarya ba. Na jira tausayi ya zo, har yanzu shiru.

Na ci da sakamako mai kyau. Shi an cire sunansa.

Ya kashe wayarsa, bai iya faɗa wa gida ba. Ɗazu Gwaggo ta kira ni tana godiya, wai ya ce mata ni na taimake shi, har ta sayi ragon walima. Ta yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin. Ki daure ki je gidanta kafin a kira mahauci. In ta tambayi wanda ya kayar mata da ɗa, kada ki ce Dokta ne. Ki ce ni ce, kuma ina sane.

Ki huta lafiya.

Taki ƙanwa,
Mansura