Motar Ta Daina Kuka, Ni Na Fara

Goggo mai fili, don Allah ki taimake ni da shawara, kada in rasa ɗa bayan na rasa miji. Ban iya tsara magana ba, ki yi haƙuri in na yi ta kewaye.

Maigidana ya rasu bara. Mai gyaran rediyo ne, kuma abin da ya fi ƙauna bayan mu wata tsohuwar mota ce ruwan toka, mai dogon hanci, wadda ta girmi 'ya'yanmu duka. A da dariya ake mana a kanta, daga baya kuma har tare shi ake a hanya ana tambaya ko ta sayarwa ce. Sai dai motar ba ta da sirri. In ya karyo kwanar layinmu ya sauko giya ta biyu, sai ta yi gurnani, don haƙoran giyar sun cinye. Daga nan ta ɗauki wani siririn kuka daga ƙarƙashi har bakin gida. Yana ɗaga ƙafa kuma sai farfela, dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya, ta buga ƙwal kamar an ƙwanƙwasa tukunya. Ina jin gurnanin nake ɗora ruwan shayi, kafin ƙwal ɗin na zare sakata. A haka muka tsufa.

Na yi masa mita a kan ƙarar nan har bakina ya gaji. Ina ce masa ya gyara muryar rediyon kowa, tasa motar na tara mana jama'a. Amsarsa kullum ɗaya, wata mai zuwa in Allah ya yarda. Giya ta biyun ma fita take da kanta in bai dafe sandar ba, har yakan ce ita kaɗai ce macen da yake riƙe wa hannu a bainar jama'a.

Bayan rasuwar, autanmu, wanda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ya riƙa zuwa ran Asabar yana ɗan zagayawa da ita don kada batir ya mutu. Goggo, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. In ya fita, sai in shiga kicin in zauna in rufe ido. Da na ji gurnanin nan daga kwana, na rantse miki, na ɗan lokacin nan mijina bai mutu ba, yana hanya ne. Duk sati abin da nake jira ke nan. Auta ya shigo ya tarar ina share hawaye, ya sunkuyar da kai, ni kuma ban taɓa gaya masa dalili ba.

Rannan ya ce zai kai ta garejin aminin babansa a ɗan duba ta. Ɗan dubawa ya zama watanni. Ashe giyabos, akwatin giyar gaba ɗaya, suka sauke, suka baje shi a kan buhu ɗaya bayan ɗaya. Yayarsa ce ta ba ni labari daga baya, wai babu wurin 'yan tsofaffin ƙarafa da bai taka ba, don an daina ƙera kayan irin motar. Da hannunsa ya sa sababbin haƙora da boris ɗin da suke juyawa a kai, ya canza kuloci da mahaɗin farfela, tsohon bakaniken yana nuna masa. Ni kuwa ina ganin baƙin mai a farcensa da yanka a 'yan yatsu, har faɗa na yi masa, wai ma'aikacin asibiti da hannu kamar na mai gawayi.

Ranar da ya dawo da ita ina kicin, ban ji komai ba. Sai ganinsa na yi a bakin ƙofa yana murmushi, makulli a hannu, motar kuwa tana tsakar gida. Ya ja ni muka zagaya. Giya na shiga sumul kamar hannu a aljihu, ba gurnani, ba kuka. Muka dawo ya kashe ta, ya juyo yana jiran in sa masa albarka. Abin da ya fito daga bakina shi ne wa ya aike shi, kuma ya ƙarasa binne min babansa. Ya ajiye makullin a kan tebur ya fita.

Tun ranar bai tako gidan ba, gaisuwa ma ta bakin yayarsa take zuwa. Yanzu ta ce wai ya ce a sayar wa wani mutum da ya daɗe yana nacin motar, mutumin zai zo ƙarshen wata. Tsofaffin ƙarafan da aka cire suna nan a bokiti bayan ƙofata, aminin marigayi ya aiko min. Goggo, in roƙi Auta ya mayar da su? Ko in bari a sayar kowa ya huta? Zuciyata ta karye gida biyu, kuma na rasa wanne ɓarin zan fara ɗauka.

Mai kasa kunne

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki dangana. Ba ki haukace ba, kuma ba butulci kika yi da gangan ba. Wani rigar mamacinsa yake ajiyewa, wani ƙamshin turarensa, ke taki ajiyar a kunne take, aka wayi gari babu ita. Wannan rashi ne na gaske, ki yi kukansa.

To amma zo mu tsaya inda Auta ya tsaya. Tun yana rarrafe yake jin uwarsa na roƙon a gyara ƙarar nan, ubansa na cewa wata mai zuwa, har watan ya ƙare masa. Sannan duk Asabar ya shigo da motar ya tarar kina kuka. Me kike so ya ɗauka? Ya ɗauka ƙarar ce ke fama miki ciwo. Sai ya tashi ya cika alkawarin ubansa da hannun da bai saba riƙe sifana ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, amma shi ya tambayi fuskar ta ba shi rabin labari, sauran rabin kin riƙe. Kuskurensa ɗaya, bai shawarce ki ba. Kuma kada ki manta shi ma maraya ne, wataƙila a ƙarƙashin motar nan ya yi nasa kukan.

Batun mayar da tsofaffin kaya, a'a. Na tambayi wani bakanike da na yarda da shi, ya ce mahaɗin farfela da ya kai ga bugawa haka yana iya tsinkewa ana cikin gudu, giyar da ke fita da kanta kuma ba abin wasa ba ce a gangara. Ɗanki ne zai zauna a kujerar nan. Ki zaɓi giya ɗaya daga bokitin, wadda haƙoranta suka fi cinyewa, ki wanke ki ajiye kusa da ke. Hannun maigidanki ne ya cinye ta, taki ce.

Sayarwa ma a'a, ba yanzu ba. Abin da aka sayar cikin fushi ba ya dawowa. Ki sa a gaya wa mutumin ya dakata.

Kada ki aika yayarsa, kada ki tsaya jiran yaro ya fara zuwa don ke ce babba. Ki ɗauki makullin ki je inda yake da ƙafarki. Ki gaya masa abin da kika gaya min na kicin da rufe ido, kamar yadda kika rubuta shi, sannan ki janye maganar binnewa da bakinki, don ita ce ƙayar da ke ransa. Ki kama hannun nan da kika yi wa faɗa ki sa masa albarkar da ya juyo yana jira.

Motar ba za ta ƙara sanar da ke daga kwana ba, wannan ya wuce, ba zan yi miki ƙarya ba. Sai dai wanda zai shigo da ita ran Asabar yana da rai, kuma yana shan shayi. Tunda ba za ki ji zuwansa ba, ki ɗora ruwan da wuri, ki zare sakata ki jira shi a bakin ƙofa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya miki zuciya.

Goggonku