Muryar Jummai a Bakin Yarinyar Japan

Dije, Jummai ta gama! Muryar jikarmu ce yanzu take fitowa daga bakin yarinyar nan ta katun ɗin Japan, mai jar lema, wadda kike cewa idonta ɗaya ya kai faifai. Da Hausa take magana, Hausarmu ta Paki, har da yadda Jummai take jan “to” idan an ɓata mata rai. Jiya ta sa mini abin ji a kunne. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa, hulata ta faɗi ban ma sani ba.

Kin ga ko sallama ban yi miki ba. Assalamu alaiki, Dije. Allah ya kai haske kabarinki, ya sa kina cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko da ta same ki ma sai kin nemi mai karanta miki, tunda har kika tafi ba ki yarda kin bi ni ajin yamma ba. Amma tun da safe na kasa zama wuri ɗaya. Na je gona na dawo ban taɓa fartanya ba. Na zagaya gidan nan ban san sau nawa ba. Wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Gida lafiya. An gyara rufin ɗakinki, Jummai ce ke kwana ciki idan ta zo hutu daga makarantarsu ta Zariya. Jar akuyarki ta mutu bara, amma 'yarta ta haifi biyu. Masara ta yi kyau, tumatir ne ya sha wuya. Na Habu kuwa har yau shiru. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ɗan namu, uban Jummai, ya hau motar tumatir zuwa kudu, ba shi ba labarinsa. Har yanzu idan babbar mota ta rage gudu a bakin titi sai na ɗaga kai.

Ranar Asabar bayan la'asar za a nuna fim ɗin a ajin firamare. Jummai da abokan karatunta, wasu daga Makarfi, wata daga Kudan, watanni huɗu ke nan suna aikin. Sun aro majigi da janareta daga Ikara, za a toshe tagogi da tabarmi. Matan unguwa duk sun ce za su zo, Goggo Lami aminiyarki ce a gaba, wai za ta zo ta ga fim ɗin Dije da idonta. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna bazarar da kika kwanta ciwo? Jummai takan bar mana wayarta idan za ta tafi Islamiyya, mu zauna a gindin darbejiya bayan azahar, ke a kan tabarma, ni na riƙe wayar. Mutanen cikin suna ta Japanancinsu, rubutun Turanci yana gudu a ƙasan hoton, ni kuma ina faɗa miki abin da suke cewa. Kikan ce Allah ya yi wa ajin yamma albarka, ga shi mijinki ya tsufa yana fassara maganar Japan.

Dije, ba na karanta rubutun nan. Hausa Malam Bitrus ya koya mana a ajin yamma, ina da shekara hamsin da wani abu, kuma ita ma da yatsa nake binta. Turancin da ya ba mu bai wuce na karanta allon asibiti ba. Kafin in haɗa kalma ɗaya, layin ya ɓace, wani ya zo. Sai in dubi fuskokinsu, in dubi taki, in faɗi abin da ya zo bakina. Ranar farko na yi niyyar in ce miki ya fi ƙarfina. Na juyo na ga yadda kike dubana, kamar na dawo daga Makka, sai na kasa.

Yawancin abin na cinka daidai, don labarin ba ɓoyayye ba ne. Yarinya ce wanta ya tafi kamun kifi a jirgin ruwa bai dawo ba, kullum tana zuwa bakin teku da lemarta tana jira. A ƙarshe aka kawo mata wasiƙa. Ta karanta, ta yi murmushi, ta naɗe lemar ta koma gida. Kika kama hannuna kika ce me aka rubuta? Na ce miki wanta ne ya rubuto, ya samu aiki a wani gari mai nisa, yana nan tafe da kaka. Kika yi kuka, kika yi dariya, kika sa na maimaita wurin sau uku. Daga ranar duk matar da ta shigo duba ki sai kin ba ta labarin, ki rufe da cewa har a Japan ma wanda ya tafi yana dawowa. Na san Habu kike nufi. Kowa ya sani.

Ba haka wasiƙar ta ce ba. Jirgin ya nutse tun a watan farko. Mai jirgin ne ya rubuto yana ba ta haƙuri. Murmushin nan na wadda aka sauke wa jira ne. Ban sani ba sai da Jummai ta fara aikin nan, na ji ta a ɗakinki tana maimaita wurin da Hausa. Na tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu har ta kai ƙarshe.

Sai na shiga neman hanyar tsira, kuma nan ne na fi jin kunya. Dama tun da aka fara maganar ake gardama a garin nan. Malam Bitrus, ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba, ya ce ɗora murya ɓarna ce. Wai kukan mutum da harshensa yake, in ka cire muryar Bajapane ka sa ta Bahaushe, ka bar gangar jiki ka kori mai ita. Ya ce a rubuta Hausar a ƙasa kawai, yara ma su ƙaru da karatu. Ya ce masu fassarar finafinai duk gishiri suke ƙarawa, jarumi yana makoki su sa masa zancen tuwo. Da ya faɗi haka sai na ji kamar da ni yake, don wa ya kai ni ƙara gishiri? Jummai kuwa ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce Baba Malam ya ƙirga mata matan Paki nawa ne za su bi rubutu yana gudu, ido ɗaya a kan hoto, ɗaya a kan goyo. Ta ce kakarta ta mutu tana son fim ɗin nan ba ta taɓa jin sa da kunnenta ba.

Ni na goyi bayan Malam Bitrus, Dije. Na fi shi zafi ma. A majalisa, a bakin masallaci, a shagon caji, ina ta cewa rubutu shi ne mutunci, ɗora murya aikin malalata ne. Malam har ya riƙa nuna ni yana cewa ga ɗalibin kirki. Alhali lissafina ɗaya ne: in rubutu aka sa, Goggo Lami da sauran ba za su iya karantawa ba, su ga murmushin su tafi da labarinki yadda kika bar musu shi. Ni kuma in ci gaba da zama Malam Garba mai karanta wa unguwa takardun asibiti da na makaranta. Jikata tana aiki ba dare ba rana, ni ina yawo ina rage mata daraja don in rufa wa kaina asiri. Wane irin kaka ne wannan?

Jiya bayan ta cire mini abin jin, ta zauna kusa da ni ta ce tsoho mai rigima, akwai magana. Ta ce ta sani tun ranar da kika ba ta labarin, ta yi shiru ne saboda ta ga labarin yana sa ki samun barci. Ta ce ta ɗauki ƙarshen iri biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya yadda na faɗa miki, in zaɓa, ba wanda zai ji daga bakinta. Ta sa mini duka biyun. Nawa ya yi daɗi, Dije, wallahi ya yi daɗi. Amma da na ji na gaskiyar, na ji 'yar Habu tana karanta wasiƙar nan da muryarta, a hankali, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba, sai na gane yarinyar nan ta daɗe da naɗe tata lemar. Mu ne muka ƙi.

Shin na cuce ki ne, ko na taimake ki? Da na faɗa miki ban iya ba, muka jira Jummai ta dawo ta karanta mana, da kin tafi da wane irin zuciya? Na juya tambayar nan har kaina ya yi ciwo, ban samu amsa ba, kuma ke kaɗai ce mai ita. Abin da na sani shi ne na yi miki ƙarya a kan tabarmar ciwonki, ba don tausayi kaɗai ba, har da son ki ci gaba da yi mini wannan kallon. Ki yafe mini.

Na ce wa Jummai ta sa na gaskiyar, ta goge ɗayan. Na kuma ce kafin a tada janareta ni zan fara tsayawa a gaban allo in yi bayani da bakina, kada Goggo Lami ta zaci ke ce kika juya labarin. Da safen nan na hau acaɓa na bi Malam Bitrus har Ikara na faɗa masa gaskiyar duka. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai yana nan a kan bakansa game da rubutu, amma a ajiye masa kujera a gaba. Gabana yana faɗuwa, cikina kuma fari ƙal, ban san yadda abu biyu suke zama a ƙirji ɗaya ba.

Sai wata rana, Dije. Bari in tashi, akwai gidajen da ban shiga ba tukuna, kuma na aika wa 'yan'uwanki na Nasarawan Doya. Duk wanda na tara a hanya abu ɗaya nake faɗa masa: ranar Asabar bayan la'asar, maza da mata, mai karatu da wanda bai taɓa riƙe biro ba, ku zo ku ji jikata, ku ga yadda labarin yake da gaske. Dariyar da za ku yi mini kuma ku taho da ita, ina gaba a tsaye.

Ni ne mijinki,
Garba, daga gindin darbejiya, Paki