Bututu a Maƙoshin Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama?

Daga kan bencin ƙofar ɗakin jinya nake rubuto miki. Jiya aka yi wa Auta aikin maƙoƙon nan, kuma sun cire shi duka. Matsalar ta zo ne da suka zare bututun numfashin da suka zura mata tana barci. Likita ya nuna mini da yatsunsa biyu, wai a cikin maƙoshi akwai tantani biyu kamar ƙyauren ƙofa, su ke buɗewa iska ta wuce, su ke kaɗawa murya ta fita. Na Auta sai suka ƙage, suka rufe ruf. Ƙirji na ja, iska ba ta shiga, har leɓunanta suka sauya launi. Dole suka sake sa ta barci, suka mayar da bututun.

Ɗazu aka bar ni na shiga. Filasta a bakinta, inji na hura mata iska, an ɗaure hannuwanta kada ta fizge. Ta buɗe ido ta dube ni, hawaye ya gangara cikin kunnenta.

Yaya, ni na matsa mata ta yarda a yi aikin nan. Ta ce tana tsoron rasa muryarta, da me za ta koyar da yara arba'in a aji? Na ce ba komai, na sa hannu a takarda. Don Allah kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mijin Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da ba ki ga laifina ba, ko da yake ni ina gani.

Ranar Laraba da hantsi suka sake zare bututun, likitoci uku a kanta, ga wani sabon bututun a ajiye don ko-ta-kwana. Ni kuwa aka kore ni waje. Ta ƙofa na ji tari, sai wani sauti siriri kamar an busa usur, sai shiru. Ban san na durƙusa ba sai da wata nas ta taɓa kafaɗata ta ce, "Tashi, malam, da kanta take numfashi."

Amma tantanin hagu ba ya motsi sosai. Likita ya ce kafin ya warware wataƙila wata uku, wataƙila fiye, ni kuma ban iya tambayarsa ko zai dawo daidai ba. Ruwa ma da cokali ake ba ta kada ta ƙware. Duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi.

Yau da safe ta yafito ni, na kai kunnena bakinta. Muryar kamar ana jan takarda a siminti, ta ce, "Je ka yi wanka. Kana wari."

Na fita bayan famfo na yi kuka sosai, sannan na tafi gida na yi wankan.

Yanzu kya iya gaya wa Mama, amma a hankali. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Mijin Auta