Na Ƙi Shan Ruwan Gangar Mahaifiyata

Mama Riziki, don Allah ki cece ni, wayona ya kai ni ya baro. Aikina a nan birnin Goma na ƙasar Kwango shi ne bin diddigin hayaƙin Nyiragongo, dutsen nan mai aman wuta. Tauraron ɗan adam ya ɗauko hoto, na'ura ta lissafa inda iska za ta kai shi, ni kuma in zauna ina gyaɗa kai kamar da shawarata ake yi.

To, yawanci yamma yake nufa, daidai ƙauyen mahaifiyata. Ruwan sama ya sauko da tsami, ya cinye kwanon rufi, ya ƙone ganyen wake, kuma shi take tarawa a ganga tana sha. Kullum da safe sai in buga mata waya da lacca. Gaisuwa ma a guje nake yi.

Watan jiya na je. Ta ɗebo mini ruwa a gaban maƙwabta, ni kuwa gwanin ilimi na zaro na roba daga jaka, har da bayanin farar wutar da hayaƙin ke zubawa a ruwan. Ta kwashe sombe, wato miyar ganyen rogo, da tuwon ugalin da ta ajiye mini, ta ce su ma da ruwan ta dafa. Da yunwa na koma gari.

Yanzu ba ta ɗaukar wayata. Ƙanwata Kanyere ta ce tana tari. Ina kallon ƙauyenmu daga sama, amma na kasa jin muryar uwata. Tsoro nake ji wallahi.

Masanin da ya kwana da yunwa

Ɗana,

Na yi dariya, sannan na tausaya maka. Tsoronka na kan hanya, iskar nan ba abin wasa ba ce. Sai dai ka kushe ruwanta ba ka kawo mata wani ba, a gaban mutanen da ta tara don ta yi alfahari da kai.

Ajiye waya, ka tafi da ƙafarka. Ka ba ta haƙuri a gabansu. Ka kai ta asibiti a duba tarin. Ka sayo wa gangar murfi, ka gyara indararo yadda ruwan farko zai zube a ƙasa, ka tambayi abokan aikinka yadda za a gwada sauran. Gargaɗinka kuma ka riƙa aika wa shugaban ƙauye, kowa ya amfana, ita ta huta da zama ɗalibarka tilo.

Idan ta sake miƙo maka kofi, karɓa da hannu biyu. Allah ya ba ta lafiya, ya huci zuciyarta.

Mama Riziki