Bayan Tsagaggen Dutse

Oslo, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Torhild,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai ciwo da duk mutanen Trofors. Ni dai ga ni da rai, iyakar abin da zan ce ke nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. A cikin motar nan mai ɗaki da ɗana Eilif ya ɗauko haya, ko atishawa kika yi sai mutum uku sun ce miki sannu, balle ki yi hira da 'yar'uwarki. Mu huɗu ne a akurki ɗaya, ni da shi da matarsa Vigdis da 'yarsu Tuva. Teburin da muke cin abinci a kai shi ne gadona. Sai kowa ya gama shan kofi ake ninke shi in kwanta, in kuma wani ya tashi da ƙishin kofi da sassafe, to barcina ya ƙare. Banɗakin kuwa, in kin shiga da gaba, da baya za ki fito.

An ce yawon iyali za mu yi, mu ga Oslo mu juya gida. Muna hawa tudun da masu irin wannan mota suke yada zango, sai wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinmu, mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kin san watan Yuli, duk ƙasar ta tafi hutu. Garejin da Eilif ya kira sun ce bakaniken yana bukkarsa ta kan dutse, ba zai sauko ba sai Agusta. Eilif ya ce ai ba komai, daɗi ma, za mu ga gari a tsanake. Vigdis ta ce ƙwarai kuwa. Ba wanda ya ɓata rai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sun kai ni lambun nan mai gumakan tsirara, mun kuma hau rufin farin gidan waƙa na bakin teku kamar awaki. Ni hankalina yana fadama. Bana sanyi bai kashe fure ba, na san multe, ɗan tsiron nan na fadama mai 'ya'ya masu zaƙi, za ta yi albarka. Gaya mini, ta fara barin ja tana komawa ruwan gwaiduwa? In ta nuna ba ta jiran kowa.

Ki duba mini kyanwata. Amsa kuma ki aiko ta ofishin zangon, adireshin yana bayan ambulan. Ki duba mini kyanwa, ba ta son abincin gwangwani.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Oddveig

Trofors, ranar Juma'a

Yaya Oddveig,

Na ga takardarki, na ji daɗi da kuke lafiya. Ƙafa da sauƙi. Kyanwa ƙalau take, ƙalau take kuma, tunda sau biyu kika tambaya.

Multen gefen hanya har yanzu ja ce, da saura. Ta fadamarki kuwa ina zan sani? Tun ranar da Inna ta kama hannunki ta kai ki, ta bar ni da wanke-wanke, ba ki taɓa gaya wa mai rai inda take ba. Mijinki ma har ya koma ga Allah bai sani ba. Jiya a kanti matar fasto ta tambaye ni ko bana za ki samu, na ba ta amsar da kowa yake bayarwa a kwarin nan, wai ɗan abin da ba a rasa ba, can wajen dutse. Ta yi dariya, don ita ma haka take cewa, alhali firjinta ba ya rufuwa.

In kina gudun ta lalace, rubuto mini hanya in tsinko miki. Ba zan ci ba, sai dai in ɗanɗana.

Ki yi haƙuri da yaran, Yaya. Eilif yana sonki. Duk abin da ya nuna miki a can, ki dube shi da kyau kafin ki ce a'a.

A gaida su duka.
Torhild

Oslo, ranar Laraba

Torhild,

Ina gaisuwa, amma a gajarce, don raina a ɓace yake.

Na karanta zancenki na abin da zai nuna mini ban gane ba sai jiya. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Eilif ya ce mu shiga jirgin cikin gari mu sha iska. Muka sauka a wata unguwa, muka tsaya gaban wani dogon bene mai tsabta kamar asibiti. Wata mata mai murmushi ta fito ta kira ni da sunana. Da sunana, Torhild. Ta kai mu wani ɗaki can sama, da gado mai ƙarfe a gefe, da igiyar da mutum zai ja in ya faɗi, da murhu mai kashe kansa. Ta taga ba abin da ake gani sai wata tagar. Eilif yana ta shafa bango yana cewa leƙawa kawai muka zo yi. Vigdis ta ce in dubi haske.

Muka koma akurki. Muka zauna gwiwa tana gugar gwiwa, Vigdis ta yanka burodi da cukun nan mai ruwan ƙasa, kowa yana yabon cuku. Kin san halinmu, gara a mutu da a yi faɗa a kan tebur. Tuva ce ta ajiye wuƙa.

"Baba, ka gaya mata mana. Kaka ai ba yarinya ba ce."

Sai ya faɗa, idonsa a kan burodi. Ya samu aiki a Oslo, kafin sanyi ya shigo za su bar Trondheim inda suke zaune, in wani abu ya same ni ba zai iya isowa da wuri ba. Ya kawo zancen tukunyar da na bari a wuta, da ranar da aka gan ni a bakin kanti ina neman motar da na sayar bara.

"Mama, ba korarki nake yi daga gidanki ba. Tsoro nake ji."

"To ka ji tsoronka a Oslo, ni ka mai da ni gida," na ce masa.

Na tashi zan fita in bugo ƙofa, sai da mutum biyu suka miƙe suka ba ni hanya, ƙofar kuma ta roba ce, ta ƙi buguwa. Na zagaya motar na dawo, don ruwa ake yi kuma ba inda na sani.

Faɗa mini gaskiya, da ke aka shirya? Hanyar fadama kuwa, ki sha kuruminki. Ni zan tsinko abina da hannuna.

Oddveig

Trofors, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba.

Na sani. Eilif ya zo wurina kafin ku tashi, ya roƙe ni in kun yi nisa in buɗe wa dillalin gidaje ƙofarki ya ɗauki hoto. Na ce to. Mutumin ya zo shekaranjiya da jakarsa. Na tsaya a barandarki da makulli a aljihu, na ga takalmanki na roba a jere da bokitinki a rataye, sai na ji bakina yana ce masa makulli ya ɓace. Ya ce zai dawo.

Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ni na hango hayaƙin tukunyar nan ta tagata, ni na kashe wutar. Ni ma tsoro nake ji, ƙafata kuma ba ta gudu kamar da. Tsakaninki da ɗanki ban san mai gaskiya ba.

Multe ta fara sauya launi.

Ƙanwarki, Torhild

Oslo, ranar Alhamis

Torhild ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi fushi da ke, sai na ga ba ni da wurin ajiye fushin, motar ta cika.

Bakanike bai sauko ba. Matar benen tana jiran amsa, in ta daɗe za ta ba wani ɗakin. Eilif bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya yi ta ƙara mini kofi tun ban shanye ba. Na ce masa macen da take shiga fadama ita kaɗai ta fito da bokiti cike ba ta bukatar igiyar ja. Ya ce haka ne, Mama.

Yau da hantsi sun tafi gidan tarihin jiragen ruwa, na ce kaina yana ciwo. Na zauna a teburin nan na ce bari in rubuta miki hanya, kada abin Inna ya ruɓe a banza saboda taurin kaina. Ki bi ta bayan tsohon injin katako, ki haye rafi inda gungume ya faɗi, ki hau har tsagaggen dutse.

Daga nan alƙalami ya tsaya. Torhild, ban san dama ba ce ko hagu. Na rufe ido, ina ganin dutsen, ina jin ƙamshin gansakuka, ina ganin hannun Inna a cikin nawa, amma hanyar ta ƙi zuwa. Hanyar da nake bi tun ina 'yar ƙanƙanuwa. Na zauna har kofi ya huce. Ban gaya wa Eilif ba, don in na gaya masa na ba matar benen amsarta ke nan. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Wannan tsakaninmu ne. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki, Oddveig

Trofors, ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa. Hagu ne. Daga dutsen ki yi hagu, ki bi bishiyoyin nan masu farin ɓawo har ƙasa ta fara lotsawa.

Ranar da Inna ta kai ki ban yi wanke-wanken ba, bayanku na bi. Ban taɓa tsinkar ko ɗaya ba, taki ce.

Ta nuna, jiya na ja ƙafar nan tawa na je na gani. Makulli yana aljihuna har yanzu. Ce wa Eilif ya sa ki a jirgin ƙasa, za ki same ni a tasha da bokiti biyu. Matar benen ta jira sai sun cika. Ke za ki shiga gaba, ni ina baya kamar wancan karon. In kin tsaya, zan ce hagu.

Sai kin iso.
Torhild