Ƙanena ya samu biza, ya bar ni da saƙon saki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya.

Ni manomi ne a wajen Bunkure, shinkafa da tumatir nake yi rani da damina. Ina da ƙane, mu kira shi Nasiru, shi ne ɗan bokon gidanmu, tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da shi. Bara ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Turai, saura biza. Wallahi ba irin zirga-zirgar da ban yi ba, yau Kano wajen ejan mai haɗa takardun biza, gobe Abuja, in bar gona a hannun 'yan ƙwadago ana tsakiyar dashe. Ya je intabiyu aka hana shi, wai ba su gamsu zai dawo gida ba. Ya dawo ya shige ɗaki ko abinci ba ya ci, ni ne mai lallashi.

Ana haka sai ya zo min da maganar aure, wai yana son Rabi, 'yar Malam Sale. Malam Sale maƙwabcina ne a gona, tasa ce a sama, sai ruwan kanal ya ratsa ta wajensa yake isowa tawa, kuma duk shekarun nan ko sau ɗaya bai taɓa tare min ruwa ba, in ba na nan ma shi yake buɗe min. Yarinyar tana son Nasiru, har da murnata na je nema. Malam Sale bai yi wani bincike ba, cewa kawai ya yi, "Ai kai na sani, tunda kai ka zo na ba ku." Ni na karɓi auren, ta tare a sashen Inna, mahaifiyarmu. Ya koma intabiyu a matsayin magidanci, biza ta fito, muka raka shi filin jirgi ina ta washe baki kamar ni zan tafi.

Da farko yana kiranta kullum, daga baya sai uzuri, karatu ya yi yawa, sanyi, aiki. Satin da ya wuce ina tsaye cikin taɓo ina ban ruwa saƙon murya ya shigo. Ko gaisuwar kirki babu. Ya ce dama ejan ne ya ba shi shawara tun farko, wai mai iyali ya fi saurin samun biza, yanzu kuma rayuwarsa ta canza, ba ya son ya ɓata wa yarinya lokaci, ya sake ta saki ɗaya, in sanar da su tunda na fi shi iya magana da manya. Ku ji fa. Ashe duk wahalar nan ni ma cikin kayan aikin biza nake, da ni da mutuncina da 'yar mutane.

Na kira shi na wanke shi tas, ya ce ba zan gane ba, wai ni tunanina bai wuce gona ba. Gonar da ta kai shi inda yake! Yanzu ko na kira ba ya ɗauka. Na tambayi wani malami ban kama suna ba, ya ce saki ya auku, idda ta fara, amma yana iya mayar da ita kafin ta cika. Na faɗa wa Inna, ta yi kuka ta ce in rufa mata asiri in yi shiru, ƙila ya sauko ya yi kome ba wanda ya ji. Ga ta da hawan jini, ina tsoron musa mata. Amma ni na san ƙanena, ba saukowa zai yi ba.

Kullum da safe sai mun haɗu da Malam Sale a bakin kanal, ya tambaye ni ya ɗan namu, in ce lafiya lau yana gaisuwa. Wallahi na tsani bakina. Ita kuwa Rabi tana nan tana yi wa Inna wanki da girki a gidan da ba ta san ta zama baƙuwa a cikinsa ba.

Jama'a ya zan yi? In bi maganar mahaifiyata in yi shiru, ko in je in durƙusa gaban Malam Sale in faɗa masa gaskiya? In kuma faɗar ce, ita zan fara sanarwa ko mahaifinta? Ku taimaka da wuri, don jiya ta same ni a zaure ta ce, "Yaya, ranar Talata ka raka ni Kano in yi fasfo, ya ce in ya zauna zai aiko in biyo shi, kai ka san hanyar." Na buɗe baki in yi magana, abin da ya fito shi ne, "To, Allah ya kai mu."