Mariƙin Ƙofar Baba

Guangzhou, ƙasar Sin,
9 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga Yayata Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sha'aban da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta. Yaya jikin Inna? Ina fata ciwon ƙafar ya lafa, kuma ta fara cin abinci ko da kaɗan ne. Ni ina nan lafiya, ana ta fama da karatu, sai dai gangar jikin ce kawai ke zuwa aji.

Wasiƙarki ta iso ni ranar Litinin, kwana ashirin da uku bayan kin rubuta ta. A tsaye na karanta ta a bakin makarantarmu a Tianhe, ranar ban shiga darasi ba. A waya an ce mini Baba ya faɗi, rai ya yi halinsa a hanyar asibiti, shi ke nan. Sai a takardarki na ji sauran, cewa Inna ta dawo daga gidan suna bayan la'asar ta tarar ya kulle falonsa ta ciki, tana jin nishinsa, mariƙin ƙofa yana ta juyawa a banza, har kusan awa guda kafin Illa kafinta ya zo ya ɓalle ta. Kin ce kada in sa wa raina komai, kwana ne ya ƙare. Na yarda, Yaya, babu mai wuce lokacinsa. Amma akwai abin da ba ki sani ba, kuma ya ƙi zama a cikina.

Kin san ni na aiko da farar ƙofar robar nan bara, don gara ta cinye ta katakon. Baba ya ji daɗinta, har abokansa na masallaci yake kira su ga yadda ake ɗaga mariƙi sama ƙarafa su shige jikin bango. To, tun watan bakwai ya rubuto mini cewa mariƙin ya saki, ba ya komawa mazauninsa, kuma in rana ta buɗe sai ya danna da ƙarfi kafin ya kulle. Ya ce an zaga kasuwa a Kano ba a sami irinsa ba, in aiko masa da sabo. Na ce sai na gama jarrabawa. Na gama, na shiga wasu hidimomi. Da muka yi waya ta ƙarshe ya sake tambaya, sai kunya ta kama ni, na ce masa na riga na saya, mai tafiya nake jira. Ya sa mini albarka, ya ce dama ya san ba zan manta ba. Yaya, ban saya ba. Ko kasuwar ban taka ba. Albarkar ƙarshe da mahaifina ya sa mini, a kan ƙarya ya sa ta.

Washegarin da takardarki ta zo na je wurin Alidu, wani ɗan kasuwa mutumin Kumasi da muke sallar Juma'a tare, ya raka ni masu sayar da kayan gini. Shago biyu suka ce meyo, wato babu. A na uku lawban, mai shagon, ya ɗauko shi nan take daga kan kanta. Duka tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Da ya miƙo mini sai na zauna a kan kwali ina hawaye, mutumin ya rasa abin yi, ya zubo mini shayi. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Na ba wani ɗan gida, Alhasan, wanda zai taso zuwa Kano mako mai zuwa, mariƙi biyu da dogon ƙarfen kullen gaba ɗaya, tunda na ciki ya karye. Don Allah ki tsaya a kan Illa ya sa da wuri, a cire kwaɗon nan da aka rataya wa ƙofar bayan an ɓalle ta. Noti biyu ne ta ciki, in ya kwance su mariƙan za su zare tare da sandan ƙarfen da ya ratsa tsakiya. Ya gwada tazarar mariƙi da ramin makulli ta yi daidai da tsohon, kuma kada ya ɗaure sosai, robar tana lotsawa. Ya gwada kullewa ƙofa tana buɗe kafin ya rufe. Duk wata uku a ɗiga man keken ɗinki, ban da man gyaɗa. In ya fara tauri kada a yi masa dole, a kira mai gyara a ranar. Makulli ɗaya ya zauna a wurinki, ɗaya a gidan Baba Maidaji maƙwabcinmu. Inna ita kaɗai ce yanzu a gidan, kada ta kulle kanta inda ba mai iya kai mata.

Sau uku ina fara rubuta wa Inna wannan magana ina yagawa. Na bar miki, in kin ga za ta iya ɗauka bayan ta fita takaba ki gaya mata, in kin ga zai ƙara mata ciwo ki riƙe. Ki tambayar mini Malam Sha'aban abin da mutum zai yi in wanda ya kamata ya nemi gafararsa ya riga ya tafi.

Ki gaida Inna da kyau, da Gwaggo Jumai, da Sa'adiya da mijinta, da yara duka. Shekara huɗu ina rufe takarda da cewa a gaida Baba a ce ya sa ni a addu'a. Yanzu ma har na ɗora alƙalami, sannan na tuna.

Ƙaninki,
Maharazu.